Sirdin da ba shi da ƙwacciya

Tun ina goye ake kai ni kallon hawan Sallah a Katsina, don haka da yayana ya ce akwai makarantar koyon hawan doki a wani ƙauye bayan garin Epe da ke jihar Legas, dariya na yi. Bakatsine za a koya wa doki?

Mun bar Agege bayan sallar asuba. Gadar Third Mainland sumul muka wuce ta, amma gosulo ya riƙe mu a Aja, can gaba kuma tankoki masu zuwa matatar Dangote suka sa mu a tsakiya. Sai da hantsi ya dubi ludayi muka haye gadar Epe, muka saki kwalta, muka bi jar hanya tsakanin gonakin rogo.

Warin barga ne ya fara tarbar mu. Mai kula da dawakan wani dattijo ne Bazazzagi, ya tsufa a bargar filin folo (ƙwallon dawaki) na Ikoyi, kulob ɗin da ke nan tun 1904. Na tarar yana kwaɓa dusa da kanwa, ga damman harawa da aka sauko da su daga Arewa.

"Baba, duk ciyawar nan da ke kewaye da ku?"

"Ruwa ce zalla, ɗana. Ba ta riƙe ciki."

Ya nuna mini ragar da aka lulluɓe tagogin bargar da ita saboda tsando. Cizonsa ke kawo sammore, in ji shi, shi ne ya hana mahayan dā kutsawa kurmi.

Aka fito mini da goɗiya bidi, aka kifa mini kwalkwali. Nan girman kaina ya fara raguwa. Sirdin Turawa ne, shafal kamar faifai, babu ƙwacciya gaba ko baya da mutum zai jingina, likkafar ma siririya. Da tafiya muka fara, lafiya lau. Tana shiga sassarfa na koma buhun gero a bayan akori-kura.

"Saki linzamin, ba igiyar guga ba ce! Matse da gwiwa!"

Wata yarinya Bayarabiya da ba ta wuce shekara goma ba ta wuce ni a sukwane, ko kallo ban ishe ta ba. Zagaye na uku na tsinci kaina a kan yashi, goɗiyar na shinshina hular kwanon.

Baba ya kakkaɓe mini riga, ya ce Asabar mai zuwa in zo da wando mai kauri. Yayana bai daina dariya ba har Aja.