Wanke fitilar mota: sanfefa rabin aiki ce

Murfin fitilar yawancin motocin da ke kan titi yau ba gilashi ba ne, roba ce mai tauri da ake kira polikabonet. Daga masana'anta take zuwa da siririn rufi da ke kare ta daga hasken rana. Ranarmu da ƙurar hunturu su ke cinye wannan rufin, sai fitila ta yi jaja-jaja, ta dushe, direba ya riƙa lalube da dare. Man goge baki yana sa ta ɗan haskaka, amma bayan 'yan makonni ta koma gidan jiya, domin bai mayar mata da rufin ba. Man birki kuwa kada ma a kusanto da shi, yana cin fentin mota.

Kafin a taɓa komai, a shafa murfin da hannu. In waje ne ya yi kaushi, aiki zai yiwu. In kuwa raɓa ce ta taru a ciki, ko robar ta yi tsaga-tsaga har can cikinta, sanfefa ba za ta yi magani ba, gara a faɗa wa mai mota gaskiya.

Kayan duk suna shiga jaka ɗaya: sanfefar ruwa mai lamba 600, 800, 1000, 2000 da 3000 (ƙaramar lamba ta fi kaushi, babba ta fi laushi), kwalbar fesa ruwa, tef na masu fenti, sipirit, ƙyalle marar gashi, da injin huda mai batir da faifansa na inci 3. A zagaye fitilar da tef ninki biyu, saboda gefen sanfefa yana yanka fentin bomba cikin ƙiftawar ido. A fara da 600, ana fesa ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ruwan da ke gangarowa zai fara fitowa ruwan ɗorawa. Sai ya koma fari kamar madara, sannan tsohon rufin ya fita. Duk lambar da aka sauya, a sauya hanyar gugar, wannan a kwance, ta gaba a tsaye, don a ga ko zanen ta baya ya ɓace. Mai aiki da inji ya rage gudu, kada ya tsaya wuri guda. Robar tana yin zafi ta narke, tabon kuma ba ya gyaruwa da sauƙi.

Inda da yawa ke kuskure shi ne wurin tsayawa. Idan kiliya (fenti garau marar launi) mai hadana (sinadarin da ke sa ta sandare) za a fesa, wadda ake sayarwa a gwangwani da sunan 2K, a tsaya a 800 ko 1000. Tana buƙatar ɗan kaushin nan ta kama, kuma ita za ta cike zanen. Wanda ya goge har 3000 ya sa man sheƙi, kiliyarsa ɓarewa za ta yi kamar ɓawon albasa. Idan kuma ruwan kariya na shafawa ne, shi siriri ne, ba ya ɓoye zane, sai an kai 3000.

A goge da sipirit, a bari ta bushe sarai. A fasa hadanar da ke cikin gwangwanin kiliyar don su gauraya, a girgiza shi minti 2, a fesa daga nisan santimita 15 zuwa 20: shafi na farko sama-sama, a jira kamar minti 10, sannan biyu masu ɗan kauri. Hannu ya yi nawa, ta zubo; ya yi nisa, ta fito da ƙuraje kamar ɓawon lemo. Hadanar tana da guba ga huhu, takunkumin ƙyalle bai isa ba, sai mai matatar sinadari. Da zarar an fasa hadanar cikin gwangwani, kwana biyu ne iyakarsa, don haka a haɗa motoci biyu ko uku a rana ɗaya.

Mai zuwa gida-gida, babban abokin gabarsa iska ce. A nemi inuwa, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a rufe bonet da gilashin gaba da leda. Ranar da hazo ya sauko, a ɗage feshin. Motar kuma kada ta ga ruwan wanki sai ta kwana aƙalla ɗaya.