Na kai Baba Nguru

Baba ne ya tayar da maganar bayan isha'i, yana shan fura. Ya ce, "Kafin ƙafafun nan su gama ƙi na, ka kai ni Nguru in ga kwatas ɗinmu." A can ya yi aikin reluwe, a can aka yanke mini cibiya. Rabona da garin tun ina aji huɗu na firamare, lokacin yana cikin jihar Borno. Sai a 1991 aka yanko Yobe daga Borno, Nguru ta koma cikinta, rana ɗaya da aka cire Jigawa daga Kano.

Na yi wauta tun daga gida, na tsara mu je mu dawo a yini guda. Tafiyar ta haura kilomita 200, ni kuwa lissafin direba na yi, ban yi lissafin tsoho ba. Muka bar Kano da sanyin asuba, muka wuce Gezawa, Ringim, Gujungu, kowane gari sai Baba ya ce in rage gudu. Da muka zo Malam Madori ya ce a tsaya. Dogo bai shiga Haɗeja ba, ta nan ya bi, shi ya sa a zamanin gyaɗa nan ake tara buhunan yankin a loda wa jirgi. Baba ya sauka da sandarsa ya taka har bakin dogo, ya duƙa da ƙyar ya shafa ƙarfen. Awaki na kwance a tsakiyar layi suna tuƙa. Na duba agogo sau biyu, ya gan ni, bai ce komai ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Nguru ita ce ƙarshen layi, jirgi ya isa can a 1930. Gyaɗa, ƙaro, fatu da busasshen nama duk daga nan suke gangarawa Kano har Ikko. A idona na yaro, tashar nan ta fi filin Idi girma. Da na tsaya a gabanta sai na ga taku kaɗan ne daga wannan gefe zuwa wancan.

Gidan ma sai da muka yi tambaya. Darbejiyar da nake kwatance da ita an sare ta, an kafa shagon cajin waya a wurin. Muka yi sallama, wani magidanci ya fito yana mana kallon rashin sani. Nan na gane kuskurena na biyu: mun zo ƙofar mutane hannu rabbana, ko goro babu, muna neman a buɗe mana gida don kawai mun taɓa kwana a ciki. Baba ne ya gyara. Ya gaishe shi a tsanake, ya tambayi iyali, ya ambaci tsofaffin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har ya faɗo kan wanda ashe kakan matar gidan ne. Sai ga tabarma, sai ga ruwa a kwanon sha.

Da iyalin suka kimtsa aka ce mu shiga. Ɗakunan ba su ce mini komai ba, an sake fenti, an sake ƙyaure. Amma a kusurwar tsakar gida, gefen madafa, akwai ɗan lotsawa a siminti, zagaye kamar bakin faifai, inda randar Inna ta zauna shekara da shekaru. Yanzu jarka ce rawaya a kai. Baba ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "Allah ya jiƙan ta." Maigidan ya amsa da amin, alhali bai san wa ake nufi ba.

Da la'asar na ja shi bakin ruwa inda muke kamun kifi da ƙugiya. Ban gane wurin ba, ciyawar kacalla ta rufe shi, ta fi tsayin mutum. Wani masunci da ke ɗinkin koma ya ce, "Alhaji, ai ruwan ne ya canza hali." Gaskiyarsa. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, a kan kogunan Kano da ke gangarowa nan, ambaliyar da ke zuwa ta janye a kan lokaci ta rikice. Wani wuri ruwa ya kwanta shekara zagaye, kacalla ta samu gindin zama ta toshe hanyoyin kwalekwale, tsuntsayen jan-baki kuma suka mai da ita makwanci suna faɗa wa gonakin shinkafa da gero. Ni na zo neman wurin wasana, shi abincinsa ake magana. Sai na ja bakina.

Dole muka kwana, don idon Baba da nawa ba na tuƙin dare ba ne. Kwanan nan da ban shirya ba shi ya fi komai amfani: labari ya zaga, bayan magariba tsofaffi uku suka zo, aka yi ta lissafin wa ya rasu, wa ya koma Gashuwa, wa ya makance. Ban san ko ɗaya ba, na dai yi ta zuba shayi.

Da safe na shiga kasuwa na sayi goro da sabulu na kai gidan nan, na cika but da bandar kifi. Muna wuce Birniwa Baba ya yi barci, hularsa ta zame kan gilashi. A Malam Madori na rage gudu da kaina, ban tashe shi ba.