Hannun da Alhaji ya ce ya karye

Kuɗina an biya ni cif, ba a nan matsalar take ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya har yau shi ne na san yadda bidiyon nan yake kafin a sa ni in "gyara" shi, kuma daga ni sai mai kulob ɗin muka taɓa ganin sa a haka.

Aikin ba wani babba ba ne. Wani Alhaji mai kulob ɗin ƙwallon tebur ne ya nemi ɗan gajeren katun na talla, yara biyu suna wasa, a yaɗa a WhatsApp ko iyaye za su kawo 'ya'yansu. Duk wanda ya taɓa gwada zana wannan wasa ya san inda gizo ke saƙar. Tsawon teburin mita 2.74 ne kacal, ƙwallon milimita 40, nauyinta giram 2.7, kafin ka ƙifta ido ta je ta dawo. Ƙwallon ƙafa tana ba mai zane fili da lokaci. A Captain Tsubasa, katun ɗin ƙwallon ƙafa na Japan, yaro zai yi ta gudu yana zancen zuci, filin har lanƙwashewa yake yi saboda nisa. A kan tebur babu wannan sararin.

Shi ya sa na koma wa Ping Pong the Animation, katun ɗin Japan kan ƙwallon tebur, wanda Masaaki Yuasa ya ba da umarninsa a 2014, kashi 11, daga littafin zanen Taiyo Matsumoto da ya fito a 1996 zuwa 1997. Na riƙa tsayar da shi hoto bayan hoto ina kwaikwaya a takarda. Da ka tsayar da bugu ɗaya sai ka ga abin dariya. Hannu ya yi tsawon da babu ɗan Adam mai irinsa, raket ya fi kan yaron girma, haɓa ta karkace, layin rigar yana rawa. Da ka sake shi ya tafi kuwa, sai ka ji bugun a kafaɗarka. Ido ba ya ganin hannun, saurinsa yake gani, kuma saurin yana cikin wannan karkacewar. Ga kuma dabarar yanka allo gida-gida irin ta shafin littafin: nan ido, nan ƙafa tana goga ƙasa, nan ƙwallo tana juyi, duk a lokaci guda. Daƙiƙa ɗaya ta wasa sai ta buɗe ba tare da an rage mata gudu ba.

Na yi nawa a kan wannan tafarki, kuma wallahi ya yi rai. Na kai wa Alhaji a waya. Ya kalla sau ɗaya ya gyaɗa kai. A karo na biyu sai ya sa yatsa ya tsayar, daidai kan bugun da na fi alfahari da shi.

"Yaro, wannan hannun ai ya karye."

"Ranka ya daɗe, a sake shi ya tafi, ba don a tsayar aka zana shi ba."

"To ni na tsayar. Wane uba ne zai kawo ɗansa inda ake karya hannu? Ka miƙe shi, ka gyara fuskokin su yi kyau kamar na 'yan katun."

Na riga na karɓi kafin alƙalami, na kuma ci. Sai na miƙe hannun, na daidaita fuskoki, na cire yanke-yanken allon domin ya ce sun yi kama da waya mai fasasshen gilashi. Nan ne abin da ban zata ba ya faru. Da saurin ya ɓace sai na ce bari in ƙara yawan zane a tsakani ko zai dawo. Ina ƙarawa wasan yana ƙara sanyi. Ƙwallon ta koma tana shawagi, yaran suna miƙa wa juna ita cikin ladabi. Sinima hoto 24 take ci a daƙiƙa, amma katun ɗin talabijin na Japan tun zamanin Astro Boy na Osamu Tezuka a 1963 yakan wadatu da zane 12 ko 8 a daƙiƙa. Na daɗe da sanin wannan a matsayin dabarar tsimin kuɗi. Sai a aikin Alhaji na gane cewa giɓin da ke tsakanin zane biyu shi ne ƙarfin bugun, domin ƙwaƙwalwar mai kallo ce ke cike shi.

Masu cewa Ping Pong mummuna ne ba ƙarya suke yi ba idan kyan fuska ake nufi. A watan Afrilun 2014 ɗin aka fara Haikyu!! na ƙwallon raga daga kamfanin Production I.G, tsaf-tsaf, kowane yaro kamar a rataye hotonsa a ɗaki, kuma ina son sa. Amma shi wasan yake nuna maka. Yuasa yana nuna maka yadda wasan yake a cikin kan mai buga shi. Kazama, zakaran da ke kulle kansa a bayan gida kafin kowace karawa saboda tsoron faɗuwa, idan ya tsaya a gaban abokin karawa sai ya cika allo ya zama dodo. Tsukimoto da ake wa laƙabi da Smile don ba ya murmushi, motsinsa na inji ne, har da ƙarar ƙarfe. Kong Wenge da aka sallama daga tawagarsu a ƙasar Sin ya zo Japan neman hanyar komawa, jiragen sama ke bin sa duk inda ya shiga. A kashin farko ya lallasa Peco, abokin Smile, 11 da nema, kuma ba a ja wasan ba, an gama shi da saurin da wulaƙanci ke zuwa wa mutum. Sannan ka je kashi na 10, karawar Peco da Kazama, Peco da ciwon gwiwa, inda zauren da 'yan kallo suka ɓace, allo ya koma fari, saura mutum biyu da ƙwallo. Idan aka miƙe layukan nan aka mayar da zauren, me ya rage?

Kuma ba Yuasa ya fara wannan taurin kan ba. A Ashita no Joe na dambe, tun 1970, Osamu Dezaki yakan daskarar da hoto a daidai lokacin da naushi ya sauka, ya mai da shi zanen hannu mai kaushi, ya bar ka da shi. Shi ya tsayar da motsi ne da gangan, a inda ya zaɓa. Alhaji ya tsayar a inda yatsansa ya faɗa.

Ga masu irin sana'ata, abin da zan ce kaɗan ne. Ka nuna ɗan samfurin salonka kafin ka taɓa kuɗin mutum, ka kuma tsayar masa da hoton da ya fi muni da hannunka, ya gani, ya yarda ko ya ƙi tun da wuri. Kada ka bar sauti sai ƙarshe. Kiɗan da Kensuke Ushio ya yi wa Ping Pong akwai inda ƙarar ƙwallo a kan tebur da kukan takalmi ne suka zama gangarsa, kuma da na sa irin wannan tun a gwajin farko, ina jin kunnen Alhaji zai riga yatsansa. Idan kuma mai aikin ya dage sai an miƙe hannu, ka miƙe, amma ka ƙara kuɗi, domin zanen da za ka ƙara ya ninka, kuma sakamakon ba abin da za ka nuna wa wanda zai ba ka aiki na gaba ba ne. Wancan tallan yana yawo a wayoyin mutane, na roƙi Alhaji ya cire sunana daga ƙarshensa, ya ce ai albarka ce, ya bar shi.