Takardar da na raba gida biyu kafin Jibin Ubangiji

Ni tela ce, shagona yana Sabon Tasha a Kaduna, kuma shekara shida ke nan ina riƙe da kuɗin Zumuntar Mata a ikkilisiyarmu. Wata Lahadi fasto ya sanar da Jibin Ubangiji, ya karanta 1 Korantiyawa 11:28, inda Bulus ya ce mutum ya fara gwada kansa kafin ya ci gurasar ya sha ƙoƙon. Ya ce kada mu tsaya ga roƙon gafara a dunƙule, kowa ya zauna ya kira halinsa da sunansa.

Daren Litinin, da yara suka kwanta, na yago takarda daga littafin awo, na ja layi a tsakiya. Dama baiwar da Allah ya ba ni, hagu inda nake kasawa. Na yi addu'ar Dawuda ta ƙarshen Zabura 139, cewa Allah ya bincike ni ya san zuciyata, sannan na kama rubutu. Nan da nan dama ta cika: riƙon amana, cika alkawarin ɗinki a kan lokaci, tattali, faɗin gaskiya ba tsoro. A hagu abu biyu kawai na samu: ban iya addu'a a gaban jama'a ba, kuma barci na sace ni in ina karatun Littafi Mai Tsarki da dare.

Ranar Laraba, bayan an tashi taro an ajiye tulun kiɗa da kacau-kacau, na kai wa uwar zumuntarmu takardar. Tsohuwa ce da har yau tsohon juyin nan na Littafi Mai Tsarki na 1932 take karantawa. Ta sa tabarau, ta bi layi-layi, sai ta ɗora yatsa a kan "faɗin gaskiya".

"'Yata, nan kaɗai ne gidansa?"

Ta tuna mini ranar da na miƙe na karanta sunayen waɗanda ba su biya kuɗin anko ba. A cikinsu akwai gwauruwar da ta binne mijinta wata huɗu kafin nan. Tun ranar ba ta sake zuwa zumunta ba, ni kuwa ko lura ban yi ba.

"Mama, ai gaskiya na faɗa."

"Ko kwabo bai ɓata a lissafinki ba. Mutum ce ta ɓata."

Ta buɗe mini Afisawa 4:15, inda aka haɗa faɗin gaskiya da ƙauna, ba ta ƙara komai ba. Na dawo gida raina a jagule. Kashegari na tambayi yarinyar da ke koyon ɗinki a wurina, na ce ta faɗa mini tsakani da Allah yadda nake da ita. Ta daɗe tana murza almakashi a hannu, sannan ta jawo leda daga ƙarƙashin keken ɗinki. Hannuwan riga uku ne da ta ɓata yanka ta ɓoye, ta sayi wani yadin da kuɗin motarta. "Anti, gara in taka a ƙafa zuwa Narayi da in ji faɗanki." Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Na taka nawa shekara da shekaru ina hango na wasu.

Na san inda halin ya samo asali. A rikicin Fabrairun 2000 muka baro Tudun Wada muka tsallako kogin Kaduna da kayan jikinmu. Shekarata 14, ni ce babba, mahaifiyarmu ba lafiya. Ni na riƙa auna masara mudu-mudu, ina hana ƙannena ƙari. Wannan taurin ne Allah ya yi amfani da shi ya rayar da mu, ba zan raina shi ba. Amma yunwa ta wuce, ni ban sauke mudun ba.

Da na koma Luka 10 sai na ga Marta, matar da ta karɓi Yesu a gidanta, da sabon ido. Yesu bai tsawata mata don tana hidima ba. Damuwa ce ta cika ta, har ta kai ƙarar 'yar'uwarta a gaban baƙo. Ashe baiwata da kasawata ba a layi biyu suke ba, zare ɗaya ne.

Ranar Asabar na rufe shago da wuri na je gidan gwauruwar. Na durƙusa na ce, "Yaya, na kunyata ki a gaban mutane, ki yafe mini saboda Yesu." Ta yi shiru, ta ba ni ruwa, ta ce ta ji. Magana zarar bunu ce, ban sa ran ta koma a rana ɗaya ba. Daga ranar na daina karanta sunan mai bashi a taro, ni nake bin kowa gida mu yi magana a ɗaki.

Lahadi na karɓi gurasar hannuna na rawa, takardar tana cikin Littafina, "faɗin gaskiya" a rubuce dama da hagu. Gwauruwar ba ta dawo zumunta ba tukuna. Jibi zan sake zuwa gidanta, na ɗinka mata ankon.