Dutsen Santubong da farantin da na dawo da shi

Kwana tara ke nan da dawowata Kano, amma har yanzu cinyoyina ba su daina tuna mini da Dutsen Santubong ba, musamman idan na zo miƙewa daga sujada. Bikin kammala karatun ƙanena ne ya kai ni Malesiya, kuma da an bi tsarin da na fita da shi, daga Kuala Lumpur zan juyo gida. Sai wani abokin karatunsa, ɗan ƙabilar Malay daga jihar Sarawak, ya kafe a kan cewa ba zai yiwu yayan abokinsa ya zo har ƙasarsu ya koma bai gaisa da mahaifinsa ba. Da haka muka hau jirgi zuwa tsibirin Borniyo, tafiyar da ba ta cika awa biyu ba.

Mamakina na farko a filin jirgin Kuching, babban birnin Sarawak, ya same ni, domin duk da cewa ba mu fita daga Malesiya ba, sai da muka bi layi aka duba fasfo aka buga mana sabon hatimi. Abokin ƙanena ya bayyana mini cewa lokacin da Sarawak ta shiga tarayyar Malesiya a 1963 ta riƙe ikon tantance masu shigo mata, har da 'yan ƙasar da suka fito daga sauran jihohi. Na yi ta ƙoƙarin kwatanta abin a raina, a ce mutum ya taso daga Legas ya sauka Kano a tambaye shi kwana nawa zai yi.

Gidan mahaifin nasa yana wani ƙauye a ɗaya gaɓar Kogin Sarawak, kuma da ƙaramin kwalekwale mai rumfa ake haye wa a kan ringit ɗaya, wato kuɗin Malesiya. An koya mini in riƙa kiran dattijon Pak Cik, wato kamar a ce baffa, matarsa kuma Mak Cik. Sun kwashe kayan ɗansu daga ɗakinsa sun ba ni, sun cika mini gaba da shinkafa da kifi mai gishiri da wani ganyen daji da suke kira midin, sannan da kek mai hawa-hawa kala-kala wanda ake gasa shi shimfiɗa bayan shimfiɗa. Duk lokacin da na tsame hannu sai Mak Cik ta ƙaro, kamar dai yadda gwaggona take yi mini a Bichi, har na gane cewa a can ma cewa an ƙoshi ba ya karɓuwa a karon farko.

A bangon falonsu na fara ganin dutsen, kafin in gan shi da idona. Wani babban faranti ne na tangaran rataye kusa da hoton Ka'aba, an zana masa tsauni kore shar, teku a gindinsa, da wani tsuntsu mai ƙaton baki yana shawagi. Na ce wa Pak Cik tsaunin ya yi mini kama da mace a kwance, sai ya yi dariya ya ce na gani daidai. A tatsuniyarsu, wasu 'ya'yan sarki biyu ne mata, Santubong gwanar saƙa da Sejinjang gwanar dakan shinkafa, suka yi faɗa a kan namiji ɗaya. Sejinjang ta ɗaga tabarya ta maka wa 'yar'uwarta a kumatu, ita kuma ta jefe ta da sandar saƙa, mahaifinsu ya fusata ya mayar da su duwatsu. Ya nuna mini wata tsaga da mai zanen ya fitar kusa da ƙololuwar, ya ce gurbin tabaryar ke nan. Na ce masa, "Pak Cik, ashe har a nan tabarya makamin kishi ce," shi kuwa da aka fassara masa ya yi dariya har da tari.

Tsayin dutsen mita 810 ne, kuma yana da nisan kimanin kilomita 35 arewa da Kuching, a kan wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin Tekun Kudancin Sin. Ni da na saba hawa Dala da Goron Dutse ina yaro, kuma na taɓa hawa Kufena a Zariya, na ɗauki adadin da wasa. Muka isa da sassafe, muka rubuta sunayenmu a ofishin gandun dajin, aka gargaɗe mu cewa duk wanda bai kai wani wuri ba zuwa tsakar rana dole ya juyo, saboda duhu yana shiga dajin tun rana ba ta faɗi ba. Ban ɗauki gargaɗin da muhimmanci ba sai da muka yi rabin awa a ciki.

Duwatsunmu na Arewa tsirara suke, mai hawa yana ganin inda ya baro da inda ya dosa. Wannan kuwa, da zarar mutum ya shige shi ya daina ganinsa. Itatuwa ne miƙaƙƙu waɗanda sai an ɗaga kai har hula ta faɗi kafin a hango reshensu na farko, saiwoyinsu sun fito waje kamar katangu, wasu sun fi ni tsayi. Sama ta rufe ruf, ƙasa kuma laima ce da ruɓaɓɓen ganye da gansakuka. Babu rana a kaina, amma cikin minti ashirin rigata ta jiƙe sharkaf, domin iskar kanta cike take da ruwa kuma gumi ba ya bushewa. Zafin watan Afrilu na Kano ƙona fata yake yi, wannan kuwa dafa mutum yake yi kamar dambu a madambaci. Ga ƙarar wasu ƙwari dangin gyare wadda na rantse injin yankan katako ne a kusa, ga wani kara mai ƙaya da ke kama riga, wanda aka ce mini da shi ake saƙa kujerun nan masu tsada. Abokin ƙanena ya nuna mini wani tsiro mai siffar ƙaramar buta har da murfi, da ruwa a ciki, ƙwaro ya faɗa ya narke ya zama abincinsa. Da na cire safa domin in huta na tarar da matsattsaku ya sha jinina ya yi tim, ban ko ji shigarsa ba. An gaya mini cewa a gindin wannan dutse ne wani masanin halittu ɗan Ingila, Alfred Russel Wallace, ya zauna a farkon 1855 ya rubuta maƙalarsa a kan yadda jinsunan halittu suke bayyana, kuma duk wanda ya ga yawan abin da ke motsi a taku goma na dajin nan ba zai yi mamakin abin da ya zaunar da shi ba.

Kashi na ƙarshe na hanyar ba tafiya ba ce, hawan bango ne. Tsanuka ne a jingine da dutse, wasu na igiya wasu na ƙarfe, ɗaya na bin ɗaya, mutum yana kama saiwa da hannu yana neman wurin sa ƙafa. A kan tsani na huɗu ko na biyar na tuna da farantin Pak Cik, yadda dutsen ya kwanta lumui a cikinsa babu ko ƙaya ɗaya, na ce lallai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mun kai ƙololuwa bayan awa huɗu da 'yan mintuna, muka samu kamar minti goma muna kallon teku da bakin kogi da ya rarrabu kamar yatsu, sannan hazo ya rufe komai, ruwa ya kece. Watan Yuli ne, wanda su a wurinsu rani ne, amma ruwan da ke sauka a yankin Kuching a shekara ya kai kusan milimita 4,000, wajen ninki huɗu na namu. Saukowar ta fi hawan wuya, kuma ba na son tuna ta.

Washegari, ina ɗingishi, aka kai ni Gidan Tarihin Al'adun Borniyo da aka buɗe a 2022, inda na fahimci cewa alaƙar dutsen da tangaran ta girmi farantin bango da ƙarnuka. An tono gutsattsarin kwanukan Sin na zamanin daulolin Tang da Song a gindin Santubong, tare da tarin kashin ƙarfe na maƙera, shaidar cewa wurin tashar fatauci ce fiye da shekara dubu da ta wuce. 'Yan ƙabilar Iban kuma suna gadon manyan randunan Sin kaka da kakanni, suna auna arzikin gida da su, abin da ya tuna mini da jeren kwanukan da iyayenmu mata suke ji da su a ɗaki.

Daga nan na matsa a kai ni inda ake yin farantan. Masana'antun suna jere a kan titin Penrissen, wajen mil biyar daga gari, kuma yawancinsu na iyalan Sinawa ne 'yan Teochew waɗanda kakanninsu suka zo da sana'ar tun ƙarni na 19. Da can randuna da tukwane suke ginawa, da ƙananan kofunan tarar ruwan roba, sai da kasuwar waɗannan ta mutu suka koma kayan ado. Na tsaya a kan wani magini yana ɗaga tulu daga curin yumɓu a kan faifai mai juyawa cikin abin da bai fi minti uku ba. A gefensa wasu mata ne suke sassaƙa zane da ɗan ƙarfe tun yumɓun bai gama bushewa ba, sannan a shafa launi a kai matoya. Wadda na fi daɗewa a kanta ta fitar da Santubong ba tare da kallon wani hoto ba, layi biyar ko shida, har da gurbin tabaryar. Tsuntsun nan mai ƙaton baki ɗan'uwan cilakowa ne da burtu, shi ne tambarin jihar, kuma ni dai ban gan shi a dajin ba sai a jikin tulu.

Mai shagon ya sa wa farantin da na zaɓa ringit 120. Na taya 50 kamar yadda zan yi a Kurmi, sai wurin ya yi tsit, abokin ƙanena ya sunkuyar da kai don kunya. Ashe su ragi kaɗan suke nema, kuma da murmushi. Dattijon bai ce albarka ba, bai kuma yi fushi ba, sai ya kama hannuna ya bi da yatsana a kan sassaƙar domin in ji zurfinta, ya ce wanda ake bugawa da inji santsi gare shi. Muka daidaita a 95, ya ƙara mini ɗan ƙaramin tulu kyauta. Da na juya kuɗin zuwa naira sai da gabana ya faɗi, domin zai sayi randuna da dama a wurin maginanmu, waɗanda aikinsu bai fi wannan sauƙi ba. Muna da hoton Ladi Kwali a bayan naira ashirin, amma ban taɓa shiga wani shago a Kano na ga Dala ko Zuma ko Kwatarkwashi a jikin farantin da aka gina a gida ba, kuma ina ganin laifin namu ne masu saye, da muke taya tukunya kamar muna yi wa mai ita alfarma.

Sauran kwanakin biyu sun tafi a sayen masoron Sarawak da ziyarar kabarin Sultan Tengah, wani sarkin Sarawak na da, wanda ya rasu a 1641 aka binne shi a gindin dutsen. Mak Cik ta naɗe mini farantin a cikin zane biyu, ta ƙi karɓar ko sisi. A ɗaya daga filayen jirgin da muka yada zango wani ma'aikaci ya sa na kwance shi gaba ɗaya, ya ƙwanƙwasa shi da biro, ya tura mini ba tare da ya dube ni ba. Ya iso lafiya, ƙaramin tulun ne ya rasa kunne ɗaya. Maiɗakina ta so ta zuba dabino a ciki, na hana, yanzu yana rataye a falo sama da talabijin.