Wata takwas ina shan ƙwaya, ciwon wuyan kuma yana nan

Shekarata goma sha tara ina ɗinki, kuma ban taɓa ɗaukar ciwon wuya a matsayin cuta ba, domin duk telan da ya kwana a kan keke a goman ƙarshe na azumi ya san yadda wuya yake sanƙarewa, ya kuma san cewa da an sauko daga Idi an sami barcin kwana biyu sai ya saki. Nawa na shekarar da mahaifinmu ya rasu bai saki ba. Ya faro daga ƙeya, ya gangaro ta gefen dama har allon kafaɗa, ya kai idan zan waiwaya sai na juya jikina gaba ɗaya.

Abin da na yi shi ne abin da har yau nake cizon yatsa a kansa. Na shiga kyamis na ce wuyana yana ciwo, aka ba ni diclofenac, na sha, cikin awa ɗaya na ji sauƙi, sai na mayar da shi abincin safe da na dare. Da ƙarfinsa ya fara raguwa na haɗa da ibuprofen, ban san cewa dangi ɗaya suke ba, kuma haɗa su ninka haɗari ne kawai. Sau da yawa ruwa kaɗai nake korawa da shi, ciki babu komai, saboda ina sauri in buɗe shago. A tsakani na je wurin wanzami ya yi mini ƙaho sau biyu, na shafa man zafi har fatata ta yi ja, kowanne ya ba ni hutun yini guda ciwon ya dawo. Wata takwas ina wannan hali, sai ƙirjina ya fara zafi, bayan gidana ya koma baƙi kamar kwalta, wata rana da hantsi jiri ya ɗebe ni a gaban teburin yanka. Kwana uku na yi a gadon asibiti. Likita ya ce gyambon ciki ne har ya fara zubar da jini, ya bayyana mini cewa irin waɗannan magunguna suna rage abin da ke kare bangon ciki, kuma yawan shansu yana iya taɓa ƙoda. Kuɗin da na kashe a kwana ukun nan ya isa in sayi sabon keke, ga shi kuma wuyan da na sha ƙwayar dominsa yana nan yadda yake.

An ɗauki hoton wuyan, aka ga ɗan zaizayewa a tsakanin ƙasusuwa, amma likita ya ce mutane da yawa masu shekaruna suna da irinsa ba tare da jin ciwo ba, don haka kada in ɗora wa hoton laifin komai. Daga nan aka tura ni sashen gashin ƙashi.

Wanda na tarar matashi ne da ban ɗauke shi a bakin komai ba. Ya ce in nuna masa yadda nake zama idan ina aikin wuya a kan shadda, na duƙa na nuna masa, ya ce ai ga rabin amsar nan. Kan babban mutum yana kai kilo 5, ƙasusuwa 7 ne na wuya suke ɗauke da shi, kuma duk lokacin da aka sunkuyar da shi gaba nauyin da ke kan wuyan yana ninkuwa, sai naman da ya taso daga ƙeya ya bazu kan kafaɗu ya yini yana ja kamar igiyar guga. Bencina ba shi da majingina, kekena ya yi mini ƙasa, ƙwan shagon ba shi da haske, kuma ina maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa ina magana da masu kaya ina taka keke. Ya kuma gano abin da ni ban lura da shi ba, wato idona ya fara rauni wajen ganin abu na kusa tunda na haura arba'in, shi ya sa nake ƙara kai fuskata kusa da allura.

Duk wannan na karɓa da hannu biyu. Inda muka saɓa shi ne da ya ce, “Malam, yaya barcinka? Ko akwai abin da yake damunka a gida?” Raina ya ɓaci, na ce masa wuyana na kawo, ban kawo gidana ba. Bai ja da ni ba, ya ci gaba da danna kafaɗata har ta sauka. Ana cikin haka wayata ta yi ƙara, na duba na ga sunan ƙanena, sai ya ce in tsaya yadda nake kada in motsa. Kafaɗuna duka biyu sun tashi sun kusa taɓa kunne, haƙorana a datse, ni kuma ban san na yi ba.

Gaskiyar magana ita ce tun rasuwar mahaifinmu ba a raba gado ba, ni ne babba, kuɗin makarantar ƙanne da cefanen Hajiya da wani bashi da marigayi ya bari duk sun dawo kaina, kuma kowa yana ganin kamar ni nake riƙe da gidan don amfanin kaina. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, saboda a wurinmu namiji idan aka tambaye shi sai ya ce alhamdu lillahi, a yaba masa da haƙuri. Matashin nan ya bayyana mini cewa jiki ba ya bambanta tsoron kare da tsoron kiran waya, duka biyun ɗaure nama yake yi, numfashi ya koma sama-sama ta yadda naman wuya zai shiga aikin da ba nasa ba, kuma ƙarancin barci yana sa ciwo kaɗan ya zama babba. Da na koma gida na ba maiɗakina labari, sai ta ce, “Maigida, ai wata da watanni kana tauna haƙora cikin barci, na rasa yadda zan gaya maka ne.” Na tabbata da a ce wani ya yi mini wannan tambaya a watan farko da haka zan fusata, amma ko ba komai da ban kai ga gyambon ciki ba.

Gyaran shagon bai ɗauki mako guda ba: katako a ƙarƙashin keke, kujera mai majingina, ƙwai mai haske, tabarau, da miƙewa duk bayan rabin awa ko da aiki ya taru. Ina yin motsin da ya koya mini na jan haɓa baya da saukar da kafaɗa, ina kuma gasa wurin da tawul mai ɗumi da dare. Mai wuyar shi ne zuwa wurin kawunmu in ce na gaji, a kira malami a raba gadon nan. An yi zaman, an ɗaga murya, an raba. Ba zan ce ciwon ya tafi a ranar ba, ya ɗauki kusan wata uku yana raguwa, kuma har yanzu yana leƙowa idan Sallah ta matso ko wata rigima ta taso, sai dai yanzu nakan tambayi kaina wanne daga cikin biyun ne ya taso da shi kafin in nemi magani.

An ja mini kunne cewa idan ciwon ya zo da mutuwar hannu ko rashin ƙarfinsa, ko zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko nauyin ƙirji mai harbawa zuwa kafaɗar hagu, to asibiti za a nufa nan take, ba maganar tausa ko kujera ba ce. Cikina kuwa bai koma daidai ba, har yau ina kaffa-kaffa da abin da nake ci. Kwanakin baya na buɗe aljihun keken wani yarona ina neman zare, na tarar da katin diclofenac saura ƙwaya biyu, na ɗauke shi, na ce masa idan an tashi aiki ya tsaya, ina da magana da shi.