Shekara guda da abin da ke cikin akwati

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar Naira kuma ta faɗi a bayansa, duk mai saƙa ko ɗinki ta ji a jikinta. Zaren ulu da yawa daga waje ake kawo shi, yawancin atamfa da leshin da ke Kantin Kwari ma haka, don haka duk motsin dala sai ya taɓa mu. A ƙarshen 2024 na yanke wa kaina hukunci: a 2025 ba zan sayi zaren saƙa ko yadi ba, da abin da ke gidan nan zan yi aikin shekara. Abin da na yarje wa kaina shi ne zaren keke, zif, roba, maɓalli da allura, tun da babu ɗinkin da zai tashi ba tare da su ba.

Aikin farko shi ne fito da komai fili. Na shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, na juye akwatin lefe, na jawo bakkon da ke ƙarƙashin gado, na buɗe kwallar da Inna ta bar mini. Akwai turamen atamfa da ko ninkinsu ba a ware ba, akwai ragowar anko na bukukuwan da wasu amaren har sun yaye ɗa na biyu, ga ƙyallayen shadda na mai gidan, ga dunƙulen zare kala-kala, wani cikakke, wani rabi, wani ya hargitse da ɗan'uwansa. Mace takan san tana da kaya, amma ba ta san adadinsu ba sai ranar da ta gan su wuri ɗaya.

Gani da ido kuma bai isa ba, sai an auna. Na sami littafin rubutu irin na 'yan makaranta, kowane yadi na yanki ɗan ƙyalle daga gefensa na liƙa a shafi, na rubuta tsawo da faɗi da tef. Turmin atamfa yadi shida ne, wannan kowa ya sani, amma ragowa ita ce mai yaudara. Ƙyallen da kike ganin zai yi wa yarinya riga, idan kika ware shi sai ki tarar tela ya yanke hannu daga tsakiyarsa, abin da ya rage dogo ne siriri. Shi ya sa ban tsaya ga rubuta "yadi ɗaya da rabi" ba, sai na zana siffar ƙyallen a gefe. Zare kuwa a ma'aunin kicin na ɗora shi, irin na masu yin kek. Dunƙulen da ake sayarwa yawanci giram 50 ne ko 100, an rubuta a takardar da ke jikinsa, amma wanda aka taɓa sai ma'auni ne zai faɗa miki gaskiyarsa. A hannuna, da zare mai matsakaicin kauri, hular jariri takan ci kamar giram 25 zuwa 30, safar ƙafa ƙasa da haka, rigar sanyin jariri tsakanin 100 da 150, bargon jariri kuwa ba ya kasa 300. Da zarar kin san wannan lissafin, zaren da kansa ne zai gaya miki abin da zai iya zama.

Nan tsarin ya bambanta da yadda muka saba. Da can hoto ake gani a waya, ya burge mutum, sai a tafi kasuwa neman abin da zai fitar da shi, a sayo fiye da buƙata don gudun kada ya yanke, ragowar ta shiga bakko. Wannan karon daga kayan na fara. Na duba shafin littafi, na ga ina da zare fari giram 140, ruwan hoda 60, sai na rubuta rigar jaririya fara mai ruwan hoda a wuya da bakin hannu. Na ga shadda ruwan toka yadi biyu da ɗan wani abu, na rubuta kaftani da wando na ɗan shekara huɗu. A ganina wannan ya fi sa mutum tunani, kuma abin da ya fito ya fi zama nasa, don babu hoton da aka kwaikwaya.

Sai kalanda, wadda ita ce ta fi cin lokacina, don mu kalanda biyu muke bi a lokaci ɗaya. Sanyi da zafi da damina suna tafiya da watannin Bature, azumi da Sallah kuwa suna matsowa baya da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A 2025 an ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, aka yi ƙaramar Sallah ranar 30 ga watan, babbar Sallah ta zo ranar 6 ga Yuni. Wanda ya taɓa zama a kan keke da azumi a bakinsa a zafin Maris ya san ba abin so ba ne, ga girkin buɗa baki, ga tarawihi da dare. Don haka ɗinkin ƙaramar Sallah na yara duka na sa shi a Janairu da Fabrairu, na bar ƙarin ninki a ƙafar wando da gindin riga saboda girman da za su ƙara kafin ranar. Cikin azumi abin da na bar wa kaina sa maɓalli ne da kalmasa da hannu, aikin da ake yi a zaune bayan la'asar.

Saƙa kuma juya ta na yi. Yawancinmu sai iskar hunturu ta fara kaɗawa, leɓe ya fara tsagewa, sannan a tuna da hular yara, a yi ta gaggawa cikin dare. Rigar sanyin da aka fara a Disamba sau da yawa sai Fabrairu take ƙarewa, lokacin sanyin ya tattara nasa ya nasa. Ni damina na ware wa manyan saƙe-saƙe, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da gari ya yi laushi kuma ruwa kan tsare mutum a ɗaki. Afrilu da Mayu ba a iya ɗora bargon ulu a cinya, zaren ma manne wa hannu yake saboda gumi, shi ya sa a watannin nan ƙananan abubuwa kawai na yi da kwarashi: safa, takalmin jarirai, da 'yan murabba'ai masu faɗin tafin hannu da nake tarawa a leda. Kafin Nuwamba ta shigo, hula da safa da rigunan sanyi suna ninke suna jira.

Haihuwa ba ta da wata a kalanda, amma tana da sanarwa. Duk wadda na ji tana da ciki a dangi ko maƙwabta, sai na rubuta a bayan littafin tare da watan da ake sa rai. Na kuma ajiye saiti guda na hula, safa da riga a kalar da za ta yi wa namiji ko mace, saboda sunan da kan zo ba shiri.

Matsalar da ta fi damuna ita ce zaren da bai kai ba. Kala ɗaya daga kamfani ɗaya ma takan bambanta idan ba rini ɗaya ba ne, sai an saƙa su kusa da juna bambancin yake fitowa. Maganin da na samu shi ne kada a haɗa su kai tsaye, a raba tsakaninsu da layi biyu ko uku na wata kala daban, ido ba zai kama ba. Kauri kuma ya fi kala muhimmanci. Siririn zare da mai kauri idan suka haɗu a saƙa ɗaya, wani wuri zai tattare wani ya saki. Inda ya zama dole, sai na riɓanya siririn biyu ya kamo ɗan'uwansa. 'Yan murabba'an nan da na tara su suka cinye ƙananan ragowa, waɗanda ba su kai giram goma ba. Na zagaye kowanne da baƙin zare, wanda shi na fi da yawa, sannan na haɗa su suka zama bargo. Baƙin ne ya sa kalolin da ba su da dangantaka suka zauna lafiya. Da baƙin ya yi ƙasa, tsohuwar suwaitar mai gidan na warware. Zaren da aka warware yana fitowa a lanƙwashe, sai a naɗe shi a bayan kujera ya zama dogon zobe, a ɗaure wuri huɗu, a jiƙa a ruwa, a rataye a inuwa ya bushe, zai miƙe.

Ƙyallayen atamfa su ma suna da nasu sharaɗin. Kafin a haɗa su zanen gado ko rigar filo, a wanke kowanne daban, don wata atamfar tana zuba, musamman ja da shuɗi mai duhu, wata kuma tana shiga idan ta sha ruwa. Ban haɗa shadda da atamfa a abu ɗaya, nauyinsu da yadda suke karɓar guga ba ɗaya ba ne. Dogayen siraran ƙyallayen nan da ba sa yin riga, su na mayar bakin hannu da wuyan rigunan 'yan mata, da madaurin gashi, da jakar allo da Alƙur'ani ta Islamiyya.

Anko ne ya gwada alkawarin. Bikin 'yar yayata ya taso bayan babbar Sallah, aka fitar da atamfa. Na ce mata, "Yaya, kin san bana na ɗaure kaina, ba na sayen yadi." Ta ce, "To ke ce za ki zo bikin 'yarki da kaya daban? Mutane su ce me?" Gaskiyarta ne, kuma zumunci ya fi ƙarfin tsarin da ke cikin littafi. Na karɓi ankon, amma tun kafin almakashi ya taɓa shi na lissafa abin da zai rage, na yanka nawa yadda ragowar za ta fita a dunƙule, ta ishi rigar ƙaramar 'yata. A ra'ayina anko shi ne babbar ƙofar da yadi ke shigowa gidajenmu ya kwanta, kuma wadda ba ta ɗinki da kanta tana da haƙƙin ta ce wa tela ya dawo mata da ragowarta, ta kuma faɗa masa tun farko abin da take son yi da ita.

Ba duk abin da na rubuta a Janairu ne ya tabbata ba. Leshin da na ware wa kaina yana nan a ninke, don na ga zai fi kyau a lefen ƙanena, na mayar da shi can. Akwai kuma zaren da asu ya taɓa a ƙasan kwalla, ana ja yana tsinkewa, wannan sai cusa matashin kai. Tun daga nan kowace leda na jefa mata kafur, na kuma ɗaga bakkon daga ƙasa saboda danshin damina da gara.

Yanzu littafin ya yi rabi, shafukan da aka gama na ja musu layi, kuma abin da ya rage zai kai ni wani wuri a 2026, ko da yake farin zare dole na saya, shi ne ya ƙare ƙarƙaf. Abin da nake lissafi a kai shi ne azumin 2026 zai kama ne wajen tsakiyar Fabrairu, Sallah a Maris, wato ɗinkin Sallah zai faɗo cikin tsakiyar hunturu, lokacin da ake neman gyaran hula da ƙarin safa. Don haka kayan Sallar yara zan yanka su tun Disamba, in ɗinke a Janairu, saƙar sanyi mai zuwa kuma ta koma daminarta kamar yadda aka yi a 2025.